Hanyar Ruwa Daga Watari Zuwa Wurin Alwala

  

Mai yiwuwa wani ya yi mamakin jin maganar bututu da tanki da kan famfo a majalisi irin wannan. Amma duk wanda ya taɓa ganin jama'a sun yi layi riƙe da butoci a ƙofar zawiya, ladan ya riga ya kira salla, famfo kuwa sai tari yake yi babu ko ɗigo, ya san cewa mas'alar ta taɓa ibada kai tsaye. Almajirin da ya buɗe Ishmawi, tun a shafukan farko yake tarar da babin rabe-raben ruwa. A zamanin da, hanyar ruwan a fili take: daga rijiya zuwa guga, daga guga zuwa tulu, daga tulu zuwa randa, mai gida yana kallon komai da idonsa. Yanzu hanyar ta shige ƙarƙashin ƙasa da cikin bango, ta koma hannun mai aikin famfo, alhali mafi yawan masu biyan kuɗin aikin ba su san sunan ko ɗaya daga cikin kayan da aka binne musu ba.

Ruwan famfo ya shigo Kano a shekarar 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da aka buɗe gidan ruwa na Challawa, aka kuma yi ma'ajiyar ruwa a kan Goron Dutse domin ya gangaro wa birni da nauyin kansa. A nan arewa maso yammacin Kano kuwa, an gina madatsar ruwa ta Watari a ƙasar Bagwai tsakanin 1977 da 1980, kuma da ita manoman yankin ke noman rani. Daga baya, a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau (2003 zuwa 2011), aka gina matatar ruwa ta Watari, wadda aka tsara ta tace lita miliyan 75 a kullum. Duk da haka ƙauyuka da yawa na wannan yanki da rijiya da tuƙa-tuƙa da rijiyar burtsatse suka dogara. To, ko daga matata ruwan ya taso ko daga burtsatse, 'yan mitocin ƙarshe da zai bi kafin ya zuba cikin buta ba aikin hukuma ba ne, nauyin mai gida ne ko kwamitin masallaci. A nan ne kuma aka fi yin asararsa, a nan aka fi ɓata shi.

Asalin ilmin gaba ɗaya shi ne cewa kowane gini yana da hanyoyin ruwa guda biyu, hanyar mai tsabta da ke shigowa da hanyar mai dauɗa da ke fita, kuma wajibi ne kada su haɗu. Magabata sun san wannan tun kafin zuwan bututu: indararo yana zubar da ruwan soro nesa da bango, rariya tana fitar da ruwan tsakar gida, salga kuma ba a haƙa ta kusa da rijiya.

Hanyar shigowa da bututu take farawa, wanda masu sana'ar ke kira fayif. Wanda aka fara sani shi ne na ƙarfe, mai haƙoran murɗawa a bakinsa. Yana da ƙarfi, yana jure rana da tattakar dabbobi, amma tsatsa na cin sa daga ciki, hanyar ta riƙa ƙuntata har ruwa ya koma tsiyaya, kuma shi ke sa a ga jan ruwa da safe idan aka fara buɗe famfo. Yanzu na roba ya mamaye kasuwa, kuma iri-iri ne. Akwai PVC, wanda ake haɗawa da gam. Akwai PPR, wanda galibi kore ne, ana ɗumama bakinsa da na'ura a manne shi ya zama abu guda, shi ne kuma mai jure ruwan zafi. Akwai baƙin tiyo mai zuwa a nannaɗe, wanda ya fi dacewa da doguwar tafiya a ƙarƙashin ƙasa saboda ƙarancin mahaɗa. Abin da ya kamata mai saye ya kiyaye, ko a Bichi yake sayayya ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, shi ne PVC kansa kashi biyu ne: mai kauri da aka yi domin ɗaukar matsin ruwa, da mara kauri da aka yi domin ruwan da ke gangarawa kawai. A ido suna kama, a farashi sun bambanta, kuma a nan ne mai son zuciya ke cin riba. Idan aka sa mara kauri a hanyar shigowa, zai yi aiki ranar da aka ƙaddamar, a yi addu'a a watse, bayan 'yan watanni bango ya fara jiƙa. Haka nan bututun PVC da aka bari a fili, ranar bazara takan gasa shi ya bushe, ƙaramin bugu ya fasa shi. Magani shi ne a binne shi, inda kuma ba ya binnuwa a rufe shi ko a shafa masa fenti.

Ana auna faɗin bututu da inci. Rabin inci shi ke zuwa bakin famfo ɗaya, kwata uku ko inci ɗaya shi ke saukowa daga tanki ya rarraba. Kuskuren da ya yawaita a wuraren alwala shi ne a jera famfo goma ko fiye a kan bututun rabin inci. Na farkon layi ya yi alwala a wadace, na ƙarshe ya tara hannu yana jira. Laifin ba na rijiya ba ne, ƙofar da aka ba ruwan ce ta yi kaɗan.

Sai ƙananan kayan haɗi, waɗanda su ne gaɓoɓin aikin. Inda bututu zai karya kwana ana sa gwiwa, wadda 'yan kasuwa ke kira elbo. Inda zai rabu biyu ana sa ti. Soket shi ke haɗa bututu biyu a miƙe, yuniyan kuma mahaɗi ne da ake iya kwancewa ba tare da an yanka komai ba, shi ya sa ake son sa kusa da inji da tanki. Duk inda akwai haƙora ana naɗa farin tef kafin a murɗa. Amma wanda ya fi su duka muhimmanci, kuma aka fi rowa a kansa, shi ne bawul, wato makullin ruwa. Ginin da ke da bawul ɗaya tak, duk ranar da kan famfo guda ya lalace sai an kashe wa kowa ruwa. Ya dace kowane layi ya sami nasa: na wurin alwalar maza, na ɓangaren mata, na makewayi. Akwai kuma wani bawul mai barin ruwa ya wuce gaba ya hana shi komawa baya, ana sa shi bayan inji.

Game da tanki akwai abu biyu da mutane ke yawan jahilta. Na farko, ƙarfin zubar ruwa a famfo daga tsawon hasumiyar yake zuwa, girman tanki ba ya ƙara shi. Hikimar da ta sa aka ɗora ma'ajiya a kan Goron Dutse ita ce dai ke aiki a tankin gida. Na biyu, nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tanki mai lita 2,000 tan biyu ne a sama da kawunan masallata da yaran makarantar allo, kuma bai halatta a miƙa ƙafafunsa ga siririn ƙarfe da walda ta jeka-na-yi-ka ba. A cikin tankin akwai ƙwallo mai iyo, wanda ke rufe hanyar shigowa idan ya cika. Rashinsa ne ke sa a ga ruwa na kwarara daga sama har ya yi tafki a gindin hasumiya. Murfi kuma ba ado ba ne. Tankin da aka bari a buɗe, haske yakan haifar masa da gansakuka, ƙura da ƙadangare da tsuntsu su faɗa ciki. A nan ne malami zai tuna da abin da ya karantar game da ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya sauya.

Kan famfo shi ne abin da hannu ya fi taɓawa, shi ne kuma farkon lalacewa. Sau da yawa abin da ya mutu a cikinsa 'yar roba ce ƙarama wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma sai a ɗaure shi da tsumma ko ledar burodi a bar shi yana ɗiga wata da watanni. Famfon da ke ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da kimanin lita 30 a yini da dare, wato fiye da jarka guda ta 'yan garuwa. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu guda, mudun da bai kai lita ɗaya ba. Ashe famfo ɗaya mai ɗiga yana zubar da alwalar mutum talatin ko fiye kowace rana, a harabar da ake karantar da haramcin almubazzaranci.

Hanyar fita kuwa ba matsi ke tafiyar da ita ba, gangara ce. Ruwan wanka da na alwala bututun inci biyu ya ishe su, na makewayi kuwa inci huɗu ne, kuma ana so ya riƙa sauka kimanin santimita biyu da rabi a kowace mita. Idan ya kwanta daidai zai toshe, idan kuma wani wuri ya lotsa dauɗa za ta taru a nan. A ƙarƙashin kowace mazuba akwai wani lanƙwasasshen bututu da ke riƙe ɗan ruwa a cikinsa koyaushe. Wannan ɗan ruwan shi ne ƙofar da ke hana wari da kyankyasai dawowa daga rami. Wanda ya cire shi don ya rage kuɗi, turare ba zai gyara masa masallaci ba. Akwai kuma bututun da ake miƙewa sama ya zarce rufi domin iskar ramin ta fita, a ɗaure bakinsa da raga saboda ƙuda. Kafin a kafa mazaunin makewayi yana da kyau a nuna wa ma'aikaci alƙibla, domin duk da malaman Malikiyya sun sauƙaƙa a cikin gini, jama'a ba sa samun natsuwa da mazaunin da ya fuskance ta, kuma gyara bayan siminti ya bushe sai da rushewa. Ruwan alwala kuma bai kamata a tura shi ramin sokawe ba, yana cika ramin da wuri. Gara a ja shi zuwa gindin darbejiya ko mangwaro.

Wurin da hanyoyin biyu suka fi haɗuwa, kuma inda haɗarin ya kai ga rai, wuri biyu ne. Na ɗaya, bututun ruwan sha da aka bi da shi ta cikin kwata, abin da ido ya saba gani a lungunan birni da manyan garuruwa. Muddin akwai ruwa a ciki, matsi na tura shi waje ta kowace tsaga. Da zarar an ɗauke ruwa bututun ya zama fanko, sai al'amari ya juya, ruwan kwata ya tsotsu ciki, idan an dawo da ruwa ya iso randa tare da shi. Na biyu, ramin sokawe ko salga da aka haƙa dab da rijiya. Masana kiwon lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kimanin mita 30 tsakaninsu, rijiyar kuma ta kasance ta wajen tudu. A ƙauyukan da gidaje suka matsu da juna, kamar yadda suke a ƙasar Bagwai da Bichi, wannan tazara ba ta samuwa sai maƙwabta sun zauna sun yi shawara kafin a sa diga, domin salgar wani tana iya zama a bayan katangar rijiyar wani. Abin tsoron shi ne ƙwayoyin cutar amai da gudawa da na taifot ba sa sauya launi ko ɗanɗano ko wari. Ruwa yana iya cika sharuɗɗan da ido da hanci ke dubawa, alhali yana ɗauke da abin da zai kwantar da gida guda.

Masu hannu da shuni suna son gina rijiya da wurin alwala a matsayin sadaka mai gudana, kuma suna da abin koyi tun daga Zubaida matar Halifa Haruna Rashid, wadda ta jawo wa alhazai ruwa zuwa Makka. Sai dai abin da aka saba gani shi ne a tara kuɗin gini a manta da kuɗin gyara. Ya kamata kowace zawiya ta wakilta mutum ɗaya daga cikin muridai, ya tsaya a kan aikin tun ranar sayen kaya, ya duba kaurin bututu da idonsa. Kafin a mayar da ƙasa ko a shafe bango, a saki ruwa a bar shi ya kwana a cikin bututun, a zagaya a duba kowace mahaɗa. A zana hanyar da bututun ya bi a takarda, a ajiye ta wurin muƙaddami, domin wanda zai yi gyara bayan shekara goma kada ya fasa daɓe yana lalube. A kuma ajiye sifana da farin tef da kan famfo biyu ko uku a ɗakin ladan, a wanke tanki a duba bawul-bawul mako biyu kafin ranar taro.