Tsintsiya Ba Bulala Ba Ce

Shugaban reshe, shugabannin makarantu, 'yan'uwa malamai na Bodinga da Shagari.

Damina na tafe. Ledar da muka watsar da rani ita ke toshe magudanai in ruwa ya sauka. Ruwan ya kwanta, sauro ya hayayyafa, zazzaɓi ya raba ɗalibanmu da aji. Akuya ma kan haɗiyi leda ta halaka. Kuma ba mu manta da annobar amai da gudawa ta 2021 ba.

Samarin da ke fitowa aikin gayya da tsintsiya da baro, suna kwashe shara a kasuwa da tashar mota, sun cancanci yabo. Amma me ya sa suka yi kaɗan? Mu dubi makaranta. Yaron da ya makara ake sa wa tsintar shara, sai ya tashi yana ɗaukar tsafta a matsayin horo da ƙasƙanci. Wanda aka hora da tsintsiya, yaushe zai ɗauke ta da son ransa?

A Ruwanda an haramta leda tun 2008, kuma Asabar ta ƙarshen kowane wata manya da ƙanana kan fita aikin gayya. Can, shugaba ne a gaba.

Roƙona biyu ne: mu daina horo da shara, mu kuma riƙa fita tare da samarin nan, ɗalibai na kallo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.