Gizo-gizo da Manoman Shinkafa a Indunusiya

Gizon tatsuniya malalaci ne, ba ya noma sai cin na wasu da wayo. Gizo-gizon fadamar shinkafa kuwa ɗan ƙodago ne wanda ba a biyansa ko anini, kuma ƙasar Indunusiya ba ta san darajarsa ba sai da ta kusa hallaka shi.

A can akwai wani ɗan ƙwaro ruwan ƙasa-ƙasa da suke kira wereng, bai kai ƙwayar shinkafa girma ba. Yakan maƙale a gindin shuka yana tsotse ruwan jikinta har gona ta bushe tamkar an cinna mata wuta. A dā ba a ɗauke shi bakin kome ba. Bai zama annoba ba sai a shekarun 1970, watau bayan an baza sabon irin shinkafa tare da maganin feshi wanda gwamnati ke biyan mafi yawan kuɗinsa.

Masu bincike a Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin sun gano dalili. Macen wereng cikin jikin shuka take binne ƙwanta, inda feshi ba ya kaiwa. Gizo-gizo kuwa, musamman irin wanda ba ya saƙa, sai farauta a gindin shuka da bisa ruwa, a fili yake, shi magani ke fara kashewa. Alhali guda ɗaya yakan cinye ƙwari 5 zuwa 15 a yini. To, ƙwai ya ƙyanƙyashe, babu mai cin 'ya'yan, kuma cikin wata guda su ma sun soma nasu ƙwan. Manomi ya ga ɓarna ta ƙaru, sai ya ƙara feshi. Mafi muni shi ne feshin farkon shuka, domin a lokacin gizo-gizo na yaɗuwa ta cin ƙananan ƙwarin ruwa marasa lahani, tun kafin maɓarnata su iso.

A watan Nuwamba na 1986 Shugaba Suharto ya haramta amfani da magunguna 57 a gonakin shinkafa, daga bisani aka janye tallafin. Amma fa doka ba ta cire wa manomi tsoro. Saboda haka a 1989 aka buɗe makarantun manoma a bakin gona, inda ake kifa ragar sauro bisa shuka guda, a saka wereng da gizo-gizo a ciki, manomi ya komo kashegari ya ƙidaya abin da ya saura da kansa.