Diyyar Ma'aikacin da Aiki Ya Naƙasa



Jarin ma'aikaci lafiyarsa. Ran da injin ya cinye hannun masaƙi, ko ƙurar siminti ta lalata huhun lebura, ko mota ta kife da akawu a kan hanyarsa ta zuwa ofis, ran nan abincin gida guda ya shiga haɗari. Wannan lacca za ta duba abin da doka ta tanadar wa irin wannan mutum a Nijeriya, da kuma yadda zai bi ya same shi.

A ƙarƙashin dokar diyya ta 1987, wanda ya ɗauki mutum aiki shi ke biyan diyya, sau da yawa kuwa sai an kai ga kotu. A shekarar 2010 aka kafa sabuwar doka wadda ta ɗora wa kowane mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ko kamfani, zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya kowane wata a wani asusu da hukumar NSITF ke riƙe da shi. An hana a cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Dokar ta game ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni, ban da sojoji.

Wa ya cancanta? Wanda ya ji rauni a bakin aiki ko saboda aiki, da wanda sana'arsa ta jawo masa cuta, kamar kurumta don ƙarar injuna, da wanda haɗari ya same shi tsakanin gidansa da wurin aiki. Ba a bukatar ya tabbatar da laifin kowa. Idan naƙasar ta hana shi aiki ɗungum har abada, ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata, har iyakar lokacin da dokar ta ƙayyade. In kuwa wani sashe ne na ƙarfinsa ya tafi, sai a auna gwargwadon hasarar.

To, amma a wajen lokaci ne mutane da yawa kan yi tuntuɓe. Dole ma'aikaci, ko iyalinsa idan ya rasu, su sanar da mai aikin cikin kwana 14. Shi kuma mai aikin ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Takardar neman diyya kuwa a shigar da ita cikin shekara 1, sai fa in akwai uzuri mai ƙarfi, sa'an nan a kan ɗaga har shekara 3. Wanda hukuncin hukumar bai gamsar da shi ba yana da kwana 180 ya nemi a sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Akwai kuma wanda ciwonsa bai da alaƙa da aiki, alal misali shanyewar ɓarin jiki a gida. Ƙofarsa ita ce dokar fansho ta 2014. Ko da yake ba a taɓa asusun fansho kafin shekara 50, dokar ta yarda wa wanda ya yi ritaya bisa shaidar ƙwararren likita ko kwamitin likitoci cewa ba ya iya aiki ya ci moriyar asusunsa.

Kunya da kawaici halaye ne na kirki, amma a nan suna jawo hasara. Mutum ya kwanta jinya wata da watanni yana jiran shugaban ofis ya tuna da shi, kafin ya farga wa'adi ya wuce. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Saboda haka a rubuta sanarwa tun ranar haɗari, a riƙe kofenta, a adana takardun asibiti da sunayen shaidu. Ma'aikacin da ke da lafiya a yau kuma ya kamata ya tambayi ofishinsa ko ƙungiyarsa ta ƙwadago, shin ana zuba kason nan a asusu kuwa?

Allah Ya tsare mu, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Wassalam.