Abokin Zama a Aji da Rabon Ɗalibi a Karatu

Galibi idan aka tashi neman dalilin faɗuwar yara a jarrabawa, akan ɗora wa malami laifi, ko ƙarancin littattafai, ko rufin da ke yoyo. Ba kasafai ake waiwayar yaron da ɗalibi ke haɗa benci da shi ba.

A shekarar 1966 James Coleman ya fitar da rahoton bincike a kan ɗalibai fiye da 600,000 a Amurka. Abin da ya gano shi ne, bayan halin gidan da yaro ya fito, asalin abokan ajinsa ya fi gini da kayan aiki tasiri a kan karatunsa, kuma ɗan talaka ne abin ya fi shafa. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ba ɗan sarki ba ne, amma a Kwalejin Katsina ya yi zamani da Ahmadu Bello, jinin Mujaddadi Shehu Usmanu.

To, sai a dubi Kasuwar Daji. Lokacin da aka ƙaddamar da ilmin firamare kyauta a 1976, ɗan dillalin hatsi da ɗan manomi da ɗan malamin asibiti aji ɗaya suke shiga, don kuwa babu wata makarantar. Ɗan manomi ya ari littafi a hannun abokinsa, ya ji ana zancen sakandare tun bai san hanyar Gusau ba, har shi ma ya sa rai. Wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba, idan malami ya yi fashi, mahaifin mai hali ne ke da bakin kai ƙara Ƙaura Namoda a saurare shi, sauran yaran su ci albarkacinsa.

Sannu a hankali makarantun kuɗi suka janye 'ya'yan masu hali, rashin tsaro kuma ya ƙarasa aikin. A 2021, bayan sace ɗalibai a Jangebe da Kaya, gwamnatin Zamfara ta rufe makarantu, wanda ke da iko ya kai nasa birni. Daga Shinkafi har Zurmi an sake buɗe azuzuwa, amma waɗanda suka tafi ba duka suka komo ba. Jami'in ilmi zai ƙidaya benci da allo da malamai ya rubuta, sai dai a takardar da yake cikawa babu gurbin rubuta 'ya'yan wa suka rage a ajin.