TARIHIN GIDA AMANA NE: A RUBUTA SHI TUN MASU SHI NA RAYE

Matanin laccar da aka gabatar wa 'yan'uwa a birnin Katsina

  

Abin da za mu tattauna a kai yau shi ne rubuta tarihin gida, wato sunayen iyaye da kakanni, wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wa ta shayar da wa, daga ina aka taso, me aka bari, wa muke bi, wa kuma ke binmu. Mun san wani zai ce wannan ai hirar tsofaffi ce ta bayan sallar isha'i, me ya kawo ta zauren karatu? To, a yi mana haƙuri a saurara.

Bari mu soma da wani ɗan ƙasar nan, Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, masanin lissafi da nahawu da ilmin taurari. Ya bar ƙasar Hausa ya tafi aikin Hajji, daga can ya zauna a Alƙahira ta Masar, inda Allah Ya yi masa rasuwa a shekarar 1154 bayan Hijira, daidai da 1741. Ba mu zo nan don yanke hukunci a kan wasu fannonin da ya yi rubutu a kansu ba, irin su ilmin hatimai, wannan magana ce ta wata rana. Abin lura a nan shi ne hanyar da labarinsa ya iso gare mu. Malamin ya rasu ne a gidan wani malamin Azhar, Shaihu Hasan al-Jabarti, kuma shi ya bar wa wasiyyar dukiyarsa da littattafansa. Sai bayan shekara goma sha biyu da rasuwar tasa aka haifa wa maigidan ɗa, Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya zama babban marubucin tarihin Masar. Wannan ɗa bai taɓa sa baƙon mahaifinsa a ido ba. Amma da yake gidansu gida ne da ake adana labari da takarda, sai ya sanya tarihin Bakatsinen nan a cikin littafinsa, da sunayen malamansa, da littattafan da ya wallafa, da inda ya cika. Yau idan muna bugun ƙirji da al-Katsinawi, to mu sani wani gida ne a Masar ya riƙe mana shi. Mu tambayi kanmu, gida nawa ne a cikin birnin nan za su iya kawo sunan baƙon da ya sauka wurin kakansu, balle malaman da suka karantar da shi?

Ba a ce Katsina ba ta san alƙalami ba. Garin Wali Ɗan Marina ne da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, har yau kuma ga unguwar Masanawa nan. Malamanmu na dā suna da wata kyakkyawar al'ada, idan an yi haihuwa ko rasuwa a gida sai malam ya ɗauki alƙalami ya rubuta rana da wata da shekara a bayan littafinsa ko a gefen takarda, da Larabci ko da ajami, ya mayar cikin gafaka. A Sakkwato kuwa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna musamman ya rubuta littafi a kan malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu, da yawansu baffanninsa ne da kawunnansa, ta nan muka san irin gidan da ya yi renon Shehu Usmanu da shi kansa. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ma ya tattara abin da ya gani da abin da ya ji game da Shehu da jama'arsa. Ashe ke nan aikin da muke kira gare shi gadonmu ne, sakaci ne kawai ya shiga tsakani.

Da sakacin ya yi nisa sai ya zamana baƙi ne ke rubuta mu. Bajamushen nan Barth da ya shigo Katsina a 1851, har sunayen unguwannin birni ya bi ya rubuta. A ƙasar Zazzau wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, tsakanin 1949 da 1950, tana rubuta abin da take faɗi game da aurarrakinta da danginta da zamanin hare-haren kamun bayi. Tsohuwar ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954. Da an yi jinkirin shekara biyu kacal, da duk ya bi ta kabari. A cikin namu, Allah Ya jiƙan Dakta Yusufu Bala Usman, wanda ya bi dattawa a ƙasar Katsina da Maraɗi a farkon shekarun 1970 yana ɗaukar bayani daga bakinsu, littafinsa na tarihin Katsina ya fito a 1981. Sai dai mai binciken tarihin ƙasa ba zai shiga kowane gida ba. Gidan sarauta yana da masu riƙe masa jerin sunaye, kowa ya san Ummarun Dallaje, ya san Sarki Dikko ya hau a 1906. Gidan marini da maƙeri da baduku da mai tallar fura fa, wa zai riƙe musu in ba 'ya'yansu ba?

Yanzu mu zo ga inda abin ya fi nauyi, domin akwai halal da haram a cikin wannan magana.

Ku ɗauki shayarwa. Kowa ya san abin da nasaba ta haramta na aure, shan nono ma yana haramta shi, kuma a mazhabar Imamu Malik da muke bi ko sau ɗaya nono ya isa cikin jariri a cikin shekarun shayarwa, haramcin ya tabbata. To a gidajenmu na dā, inda matan wa da ƙane ke zaune tsakar gida ɗaya, uwa ta kwanta ciwo ko ta rasu wurin haihuwa, wa ke ɗaukar jaririn? Kishiya, ko matar baffa, ko maƙwabciya mai goyo. Wa ya san an yi haka? Tsofaffin mata biyu ko uku. Babu wanda ya rubuta. Bayan shekara ashirin sai a tashi haɗa auren zumunci tsakanin 'ya'yan gidajen nan. Imamul Buhari ya ruwaito labarin sahabi Uƙbatu ɗan Haris (R.A), wanda bayan ya yi aure wata mata ta zo ta ce ita ta shayar da shi da matarsa. Ya hau abin hawansa tun daga Makka har Madina ya tambayi Manzon Allah (S.A.W), ƙarshe dai ya rabu da matar. Shi ya yi dace mai shayarwar tana raye ta yi magana. Wanda tasa ta rasu da maganar a cikinta fa? Layi ɗaya a takarda, cewa wance ta shayar da wane a shekara kaza, ya isa ya tsare zuriyya guda daga wannan musiba.

Sai gado. Duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'a ya san irin shari'ar da ta fi cin shekaru. Gida ne a cikin birni ko gona a bayan ganuwa, mai shi ya rasu tun zamanin Sarki Usman Nagogo ba a raba ba, 'ya'yansa sun rasu, wasu jikokin ma sun bi su, gado ya hau kan gado. Alƙali ba zai iya fitar da rabon kowa ba sai ya san wa ya riga wa rasuwa, domin ɗan da ya riga mahaifinsa ba ya gadonsa, matar da ke cikin iddar sakin kome kuwa tana gado. Sai ka ga dattawa suna rantsuwa a kan abin da ba su da yaƙini a kansa. Ga kuma magadan da suka yi nisa. Tun bayan jihadi, lokacin da sarakunan Katsina na dā suka koma arewa aka kafa Maraɗi, dangi suka rabu biyu, daga baya Turawan Ingila da na Faransa suka zo suka ja iyaka a tsakani. Wani kakan ya tafi fataucin goro Gwanja ya yi iyali a can, wani ya tafi Hajji a ƙasa ya tsaya a Sudan bai dawo ba. Waɗannan duk suna da haƙƙi a cikin ƙasar da muke takawa, mantuwarmu ba ta kankare rabon da Allah Ya yanka musu. Haka gonar da aka karɓa jingina ko aro, in masu sanin asalinta suka ƙare sai jikoki su ɗauka ta gado ce, su yi ta cin haram da zuciya ɗaya. Mu tuna ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Abin da ya ƙara sa muka ga maganar ba ta jiran gobe shi ne halin da ƙasarmu ta shiga. A 'yan shekarun nan, musamman daga 2019, hare-haren 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka a yankunan Batsari da Jibiya da Safana da Faskari da Ƙanƙara, jama'a da yawa suka kwararo cikin birnin nan da kayan jikinsu kawai. An kashe dattawa, an ƙone ɗakuna da abin da ke cikinsu. Akwai marayun da ke tasowa a tsakaninmu waɗanda in ba a rubuta musu sunan kakansu da ƙauyensu da iyakar gonar ubansu yanzu ba, ranar da Allah Ya kawo zaman lafiya za su koma su tarar ba su da shaida. Lokacin da mahaddata suka yi ta shahada a yaƙin Yamama, Sayyidina Umar (R.A) bai tsaya jimami kawai ba, ya je wurin Halifa Abubakar (R.A) da shawarar a tattara Alƙur'ani wuri guda, aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabit (R.A) aikin. Alƙur'ani ya fi ƙarfin a kwatanta shi da komai, darasin da muke ɗauka kawai shi ne abin da ke cikin ƙiraza yana tafiya tare da masu ƙirazan.

To yaya za a yi aikin? Littafin rubutu mai bango mai ƙarfi da alƙalami sun isa. A fara da wanda ya fi kowa tsufa a gida, kuma muna jan hankalin 'yan'uwa maza, kada a tsallake mata. Kaka da gwaggo da inna su ne rumbun wannan ilmi, su suka san goyo da yaye da shayarwa da sakin da aka yi aka mayar. 'Yan'uwa mata masu karatu a Islamiyya, wannan fage naku ne, domin akwai abin da tsohuwa ba za ta faɗa wa ɗa namiji ba. A je da ladabi, a durƙusa a gaishe su, a bar su su yi ta zuba ko da sun yi kwana sun dawo, kada a mayar da zaman kamar tuhuma a gaban alƙali.

Sa'an nan mu ari tarbiyyar malaman hadisi. Kowane labari a rubuta wanda ya faɗe shi, da ranar da ya faɗa, da kuma ko gani ya yi ko ji. In baffa ya ce daga Ɗandume aka taso, gwaggo ta ce daga Kaita, a rubuta duka biyun da sunan mai kowace magana, kada marubuci ya zaɓi wadda ta fi yi masa daɗi. Tsofaffi ba su cika riƙe shekara da lamba ba, amma suna riƙe ta da abin da ya faru, sai a taimaka musu. In an ce shekarar yunwar Kakalaba, 1914 ke nan. 'Yar Gusau 1942. Rasuwar Sarki Dikko 1944. Canjin hannu na tuƙin mota 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973, rasuwar Sarki Nagogo 1981, samun Jihar Katsina 1987. Abin da zai faru daga yau kuwa, haihuwa ce ko aure ko saki ko rasuwa, a rubuta shi ran da ya faru, da kwanan watan Musulunci da na Turawa gaba ɗaya.

Akwai ramin da muke jin tsoron a faɗa. Da zarar an ce tarihin gida, sai Shaiɗan ya buɗe ƙofar alfahari. Wani sai ya ƙago wa kansa salsala har zuwa Makka ko Yaman ba da wata hujja ba, alhali danganta kai ga wanda ba ubanka ba yana daga cikin manyan zunubai. Wani kuma ya share sunan kakarsa don baiwa ce, ko ya ɓoye sana'ar kakansa don fawa ce ko wanzanci. Wannan aikin maroƙa ne, su ake biya su wasa mutum. Mai rubutu don Allah yana sanya kowa inda Allah Ya sanya shi, kuma wadda ta haifi uwarka ba ta cancanci ka goge ta ba. A ɗaya gefen, littafin nan bai zama wurin tonon silili ba. Laifin da Allah Ya rufa wa mamaci asiri a kai, wanda babu haƙƙin kowa a cikinsa, a bar shi a rufe. Wanda kuwa haƙƙin wani ya rataya a kansa, kamar bashi ko amana ko gonar marayu, dole a rubuta ko da zai yi ɗaci.

In an gama kada a ajiye kwafi ɗaya tak, domin gara da ɗigar damina da gobara ba su san darajar takarda ba. A yi kwafi uku ko huɗu a rarraba wa manyan gida, har da na Maraɗi da na Kano in akwai. Mai wayar hannu ya naɗi muryar tsohon da izininsa, wannan yana da kyau ƙwarai, amma ya zauna ya mayar da ita rubutu a makon, don waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Tsofaffin takardun ajami da aka tarar cikin gafaka ko adaka, kada a zubar, kada a liƙe su da gam, a kai wa malamin da ya iya karanta irin wannan hannu ya karanta a juya. Ranar da dangi suka taru, kamar yawon sallah ko bayan ɗaurin aure, sai a ɗauko littafin a karanta a gaban kowa, wanda ke da gyara ya yi, a rubuta gyaran a gefe da sunansa.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu lafiya.