Jawabi a kan Jan Gwada da Launinsa na Lokacin Barbara

Babu inda ba a san ƙadangare ba a Nijeriya, tun daga kurmin Kudu har zuwa filayen Arewa. Masana suna kiran danginsa Agama, kuma suna da 'yan'uwa a dazuzzukan Asiya da Ostareliya.

Jan gwada shi ne namijin da ya ƙasaita, ya mallaki wani yanki da matan da ke ciki. Kansa ja ne ko ruwan lemo, jikinsa shuɗi mai duhu. Mata da ƙananan maza kuwa launin ƙasa gare su, wanda ke ɓoye su daga shaho da maciji. Jan nan ya fi ƙarfi da damina, watau lokacin barbara. Da dare yakan dushe, sai ya sha hantsi sa'an nan ya dawo. Gyaɗa kan da yake yi a bisa katanga gargaɗi ne ga abokan gaba, kira ne kuma ga mata.

Bayan barbara, ƙadangaruwa takan tona rami mai zurfin kamar inci 2 a ƙasa mai laima inda rana ke bugawa, ta zuba ƙwai 5 zuwa 7, ta rufe. Sukan ƙyanƙyashe cikin mako 8 zuwa 10. A shekarar 1966 wata masaniya a Dakar, Madeleine Charnier, ta gano cewa zafin ramin ne ke sa ɗan ya fito namiji ko mace.

Abin takaici, launin nan shi ke jawo wa jan gwada harbin yara da danƙo, alhali kuwa abincinsa tururuwa ne da gara da fara, masu ɓarna a gida da gona. Kowane aka kashe, ƙwari sun sami sarari.

Gaskiya ne kashinsa yakan ɗauki ƙwayoyin cutar gudawa. Hausawa na cewa, ƙadangaren bakin tulu, a kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. To, maganin wannan murfi ne. Saboda haka ana roƙon jama'a su riƙa rufe tulu da randa da kwanon abinci, su shanya hatsi a wuri mai tsabta. Iyaye da malamai kuma su hana yara harbinsa, musamman da damina sa'ad da matan ke ɗauke da ƙwai.