Tumbi, hanta da suga: abin da ya faru da kawuna



Yau da kawuna zan fara. Ɗan kasuwa ne a Kusada, tumbi ya fito masa, 'yan uwa har tsokanarsa suke wai kuɗi ne suka zauna. Da ƙishirwa da yawan fitsarin dare suka dame shi, na raka shi Kankiya aka yi gwaji. Sugansa kafin ya karya kumallo ya wuce 126, ma'aunin da daga nan ake maganar ciwon suga, kolestarol ma ya hau. Ya kalle ni ya ce, "Ɗana, ni da ko tsire ban cika ci ba?"

To, a nan mutane ke kuskure. Mafi yawan kolestarol ɗin jikinmu jikin ne da kansa ke haɗa shi, hanta ce kan gaba a aikin. Ita ce kuma ke tsamo LDL, wanda ake kira mugun kolestarol, daga cikin jini, ta mayar da wani ruwan matsarmama ya fita ta hanji. Brown da Goldstein, likitoci biyu 'yan Amurka, sun samu kyautar Nobel a 1985 saboda gano yadda ƙwayoyin jiki ke kama LDL ɗin nan.

Matsala tana farawa ne idan kitse ya taru a ciki da cikin hanta. Sai hanta ta daina jin maganar insulin yadda ya kamata. Insulin na cewa tsaya, suga ya isa, ita kuwa tana ta zubo shi cikin jini, ga kitsen da take ƙara turowa. Ka ga shi ya sa sau da yawa suga da kitsen jini suke hawa tare.

Kawu ba tsire ne ya ja masa ba. Lemon kwalba ne kullum a shago, da shayi mai suga cokali huɗu, ga zama tun safe. Sugan lemo kuwa, ɓangaren da ake kira furuktos, hanta ce ke sarrafa yawancinsa, idan ya yi yawa ta mai da shi kitse.

Rage kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki yana rage kitsen hanta sosai. Kawu yana shan maganin da likita ya rubuta, ya koma furar gero ba suga, wake da kwaɗon zogale, yana takawa zuwa gona da ƙafa. Lemon ne dai har yanzu muke rigima a kai, jiya ma na tarar da kwalba a ƙarƙashin benci.